Yekuwa da Yardaji: Ina Suke, Mutum Nawa Ne a Cikinsu?

Jawabin da aka gabatar a zaman safe na bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawan da suka aza harsashin wannan tafiya, Allah ya ƙara girma. Alhazai da hajiyoyi, shugabannin rassa na ɓangarorin biyu, dillalai, direbobi, 'yan kamasho, da yaranmu masu koyon sana'a da ke zaune can baya, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda aka fara da su amma ba su kawo yau ba, Allah ya jiƙansu, ya albarkaci bayansu.

Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan ƙauyukan bakin iyaka. Ƙauyukan suna da yawa, lokacin kuma kaɗan ne, saboda haka zan ɗauki guda biyu da ke maƙwabtaka da juna, Yekuwa ta Nijar da Yardaji ta Nijeriya, in yi tambaya biyu a kansu: ina suke, kuma mutum nawa ne a cikinsu? Wani zai ce ai wannan tambayar 'yan makaranta ce. To, ku sani ita ce tambayar farko da kowane ofishi yake yi kafin ya ja hanya, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya gina asibiti, ko ya buɗe ƙofar shige da fice. Ku ma ita kuke yi a zuci kafin ku ɗora wa yaro kaya bashi ku ce ya kai ƙauye. In amsar da ke ofis ta yi nisa da wadda ke zuciyarku, mu 'yan kasuwa ne muke fara jin jiki.

Ina suke?

Yardaji tana gabas da Daura, cikin ƙaramar hukumar Zango ta jihar Katsina, kuma ɗaya ce daga mazaɓun wannan ƙaramar hukuma. Yekuwa tana yamma da garin Magarya, cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram, kuma ita ce mazaunin ƙaramar hukumar karkara, wato kwamin, mai ɗauke da sunanta. 'Yan uwanta a gundumar su ne Sasumburum, Kwaya, Bande, Ɗanciyau, Waca da Magarya kanta. Tsakanin ƙauyukan biyu tafiyar 'yan sa'o'i ce a ƙafa, ta cikin gonakin gero da wake da gyaɗa, a kan jigawa. Mai babur kuwa kafin shayi ya huce ya isa.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne wannan: ƙauyukan biyu suna tsakanin manyan ƙofofi biyu. Ta yamma akwai Kongolam, inda hanyar Daura take shiga Ɗan Barto ta wuce Matamaye. Ta gabas akwai Babban Mutum, inda ake shiga Tinkim a wuce Magarya da Damagaram. Kwastan da duwan da masu duba takardu suna waɗannan ƙofofi, kwalta ma can ta bi. Abin da ke tsakani kuwa hanyar amalanke ce da babur da sawun dabbobi. Mutumin Yekuwa da ke son kai buhu biyu na wake wa surukinsa a Yardaji, in zai bi ƙa'ida sosai, sai ya yi zagaye mai nisa ya nemi ƙofa, alhali yana iya hango itatuwan garin daga gona. Duk rigimar da muke sha da jami'ai a irin waɗannan wurare, tushenta ke nan.

Yadda layin ya ratso nan

Kafin Turawa, duk wannan yanki ƙasar Daura ce da maƙwabtanta. Da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, aka fitar da gidan sarautar Haɓe daga birnin Daura, zuriyarsu suka zauna a Zango da Baure, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram mai ƙarfi a wancan zamani. Mutane suna aure, suna noma, suna fatauci tsakanin Kano da Damagaram har Agadas, ba wanda ya tambaye su takarda. Fito da kuɗin ƙofa dai ana biya, wannan tsohon abu ne.

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama suka gyara. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Sai Faransawa suka lura cewa rabon da aka ba su babu hanya mai ruwan sha daga Kwara zuwa Damagaram, suka nemi a sauko da layin kudu, aka yi haka a 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ma'aikatansu suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara har Cadi. Su ne kakanninmu suka kira tangaraho. Layin nan yau ya kai kusan kilomita 1,500, kuma a wani ɗan yanki nasa ne Yekuwa ta faɗa hannun Faransa, Yardaji ta faɗa hannun Ingila. Har yanzu akwai tsofaffin da in za su tsallaka sai su ce za su Faransa, ko za su Ingila.

Waɗannan ƙauyuka biyu sun shiga littafi. Wani malamin jami'a Ba'amurke, William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo ya zauna a cikinsu a shekarun 1980, ya wallafa littafinsa mai suna Hausaland Divided a 1994. Ya tarar da harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi ɗaya, amma mulki iri biyu ya bar musu halaye biyu a kan sarauta, makaranta da yadda ake kallon hukuma. Na kawo wannan ne don ku san cewa a jami'o'in duniya akwai waɗanda suka san sunan Yekuwa da Yardaji, alhali wasu ofisoshin da ke yanke hukunci a kansu ba su taɓa taka ƙasarsu ba.

Mutum nawa ne a takarda?

A ɓangaren Nijar an yi ƙidayar jama'a sau huɗu: 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2012, wadda aka yi a watan Disamba, ta ba ƙasar duka mutum 17,138,707. Jihar Damagaram ta samu sama da miliyan uku da rabi, ita ce kan gaba a yawan jama'a, gundumar Magarya kuma ta haura dubu 570. Bayan ƙidayar, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da wani babban kundi da ake kira RENALOC, wanda ya jera garuruwa, ƙauyuka, tungaye da rugage ɗaya bayan ɗaya, da yawan maza da mata da gidaje, da wurin da kowanne yake a taswira. Duk wanda ke son sanin abin da hukuma ta rubuta wa ƙauyensu a Nijar, can zai duba.

A ɓangaren Nijeriya ƙidaya ta daɗe tana tayar da ƙura. Ta 1962 an soke ta, aka sake a 1963. Ta 1973 ma an soke ta. Sai 1991, sannan 2006, wadda ta ba ƙasar mutum 140,431,790, jihar Katsina miliyan biyar da dubu ɗari takwas, ƙaramar hukumar Zango kuma sama da dubu 150. Alƙaluman 2006 da aka bazu da su sun tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, ba su sauko ƙauye-ƙauye ba. An shirya wata ƙidayar a watan Mayun 2023, aka ɗage ta.

Akwai tarko uku a cikin waɗannan alƙaluma, ina so yaranmu masu duba waya su kiyaye su.

Na farko, suna ɗaya yana nufin abu biyu. In ka rubuta Yekuwa a waya, adadin da zai fara fito maka yawanci na kwamin ne gaba ɗaya, mai ɗauke da ƙauyuka da rugage masu yawa, mutum dubun-dubata. Garin kansa 'yan dubbai ne. Haka Yardaji mazaɓa daban take da Yardaji gari. Wanda ya ɗauki adadin kwamin a matsayin na gari, zai kai kayan da za su shekara a shago. Wanda ya ɗauki na gari kawai kuma, ya manta da ƙauyukan kewaye da ke cin kasuwarsa.

Na biyu, adadin ya tsufa. Tsakanin 2001 da 2012 jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 11 zuwa miliyan 17, wato ƙarin kusan kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Da irin wannan gudu, jama'a tana ninkawa cikin shekara kamar 18. Mu yi misali: ƙauyen da aka rubuta wa mutum 3,000 a 2012, bayan shekara 12 ya haura 4,700. Ku 'yan hatsi kun san mutum ɗaya yana cin fiye da buhu biyu a shekara, buhu mai tiya 40. Ke nan bakin da ya ƙaru a wannan ƙauye guda yana neman sama da buhu 3,400 a shekara, gonakin kuwa ba su ƙaru ba, sai ma rarrabuwa da suke yi wajen gado. Yankin Magarya da Kance yana cikin wuraren da suka fi cunkoso a karkarar Nijar. A ɗaya ɓangaren kuma, yaron da aka haifa a makon ƙidayar 2006 yau shi ne ke tuƙa babur ɗin da ke ɗaukar muku kaya.

Na uku, ƙasashen biyu ba iri ɗaya suke ƙirgawa ba. Ta Nijeriya a 2006 an yi ta a watan Maris, tsakiyar rani, kuma ƙa'idarta ita ce a ƙirga mutum a inda aka gan shi. Ɗan Yardaji da ya tafi cin rani Kano ko Legas, in an ƙirga shi, can aka ƙirga shi. A Nijar kuwa ana rubuta mazaunin gida ko ba ya nan, muddin tafiyarsa ba ta kai wata shida ba. Saboda haka in ka ɗora adadin wannan ɓangare kusa da na wancan, kamar ka auna ɗaya da tiya ne, ɗayan da mudu.

Me ya sa iyayenmu suka guji ƙidaya?

Kada mu ga laifinsu. A zamanin Turawa, ƙidaya da haraji tagwaye ne. In an rubuta kanka, za ka biya haraji a Ingila, ko lanho a Faransa. In an rubuta shanunka, jangali. A ɓangaren Faransa kuma akwai aikin dole da ɗibar soja, kuma daga littafin ƙidaya ake zaɓo sunaye. Ba a soke aikin dole ba sai 1946. Shi ya sa gidaje da yawa suka kwashe nasu-ya-nasu cikin dare suka koma kudu da tangaraho, wasu kuma in mai ƙidaya ya doso sai a tura samari gona, a kora dabbobi gidan dangi a ɗaya ɓangaren. Yawan jama'ar ƙauyukan iyaka ya hau ya sauka da irin wannan ƙaura, kuma da yawa cikinmu a zauren nan jikokin waɗannan masu ƙaura ne.

Zamani ya juya. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, kuma a lokacin Daura tana cikin jihar Kaduna, don ba a ƙirƙiro jihar Katsina ba sai 1987. A Nijar aka raba ƙasa kwamin-kwamin, aka yi zaɓensu na farko a 2004. Yanzu yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin gwamnati da shi, da shi ake lissafin allurar rigakafi, azuzuwan makaranta, rumfunan zaɓe da tallafin hatsi a shekarar fari. Jiya wanda ya ɓoye kansa ya tsira da kuɗinsa. Yau wanda ya ɓoye kansa ya rage wa garinsu rabo. Amma tsoron nan na kaka da kakanni bai gama fita daga zukata ba, kuna ji da kunnenku in an ce za a rubuta sunaye.

Ƙidayar ɗan kasuwa

Mu kuma muna da tamu ƙidayar, ko da ba mu ba ta suna ba. Gogaggen ɗan kasuwa in ya shiga gari, kafin ya sauke kaya ya riga ya auna shi. Injin niƙa nawa yake ji? Mahauta dabba nawa suka yanka, kuma ƙarfe nawa naman ya ƙare? Masu shayi nawa ne a tasha, masu cajin waya nawa? Sahun Juma'a ya fito waje ko bai fito ba? Rumbuna nawa ne a bayan gari, kuma a wane wata aka fara buɗe su? Jarka nawa ke layi a bakin famfo da asuba? Wannan ilimi ne, kuma ya fi na takarda sabunta, don kowane mako ake sake shi.

Wannan ilimi ya nuna mana cewa ƙauye irin Yekuwa ko Yardaji adadinsa yana sauyawa da lokaci. Da damina kowa yana gida, baki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi babu: lokacin hatsi ne da taki da bashi. Da kaka kuɗi ya shigo, ana biki, ana sayen atamfa da kwanuka da katifa. Da rani samari sun watse cin rani, almajirai sun tafi, gari ya koma na mata da tsofaffi da yara, ana jiran saƙo ta waya. A daidai lokacin kuma Fulani da Buzaye suna saukowa da dabbobi ta burtali, su yi zango a bayan gari, su ma masu saye ne, ko da ba a rubuta su a garin ba. Ranar kasuwa kuwa gari yakan ninka kansa daga hantsi zuwa la'asar, kuma rabin masu cinikin daga ƙetaren layi suke.

Hajiyoyi, ku ne shaida a kan kasuwar da ba a gani. A cikin gidaje ake matse man gyaɗa, a toya ƙuli-ƙuli, a dama fura, a yi daddawa, yara su fita da talla. A cikin gidaje ake adashi, ake tara kayan ɗaki shekara da shekaru. Amarya ta taso daga Yardaji an kai ta Yekuwa, ko daga Yekuwa an kai ta Yardaji, kayan garar sun tsallaka, zumunci ya ƙullu, bashi da amana sun samu hanyar bi. Babu littafin duwan ko na kwastan da ya taɓa ɗaukar wannan, amma a kansa rabin cinikinmu yake tsaye.

Haka abin yake tun zamanin gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗar ƙasar Magarya da Matamaye take neman hanyar kudu. Ko bayan da Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, manomin iyaka farashi yake dubawa, in ya fi tsoka a wancan ɓangare can zai kai. Farin 1973 da cutar da ta biyo baya suka karya gyaɗa, wake da dabbobi suka maye gurbinta. Yau rago da sa da wake suna gangarowa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi da ta Maigatari ranar Alhamis, hatsi da kayan masarufi suna haurawa daga Dawanau da Kano. Ƙananan ƙauyukan nan su ne bakin rijiyar da manyan kasuwanni ke sha.

Ranar da aka rufe ƙofa

Wurin da ƙauye yake ba ya nuna nauyinsa sai ranar da aka rufe iyaka, kuma mun ga haka sau uku a rayuwar yawancinmu. A watan Afrilun 1984 aka rufe, aka kuma canja launin naira a daidai lokacin, ga fari ya zo a shekarar. Ba a buɗe ba sai Maris 1986. Dattawan da ke nan ba sa bukatar a tuna musu yunwar wannan shekara. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe karo na uku, sai Maris 2024 aka buɗe.

Ku duba abu biyu da suka faru a rufewar 2019. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar kwastan ta Nijeriya ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An ɗauki ma'auni an ja a taswira, duk wanda ya faɗa ciki ya faɗa, ko ɗan fasa-ƙwauri ne, ko mai injin niƙa, ko mai kai mara lafiya asibiti. Mutum nawa ne ke zaune cikin wannan kilomita 20, daga Kamba har Cadi? Da akwai adadi sabo a hannun masu magana da yawunsu, da muryarsu ta fi haka nauyi. Na biyu, da aka tashi buɗewa a Disambar 2020, ƙofa huɗu aka fara buɗewa a duk ƙasar, biyu daga ciki a kan iyakar Nijar, Illela da Maigatari. Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022. Wanda ya zaɓi wace ƙofa za a fara buɗewa, takarda ya duba.

In ƙofa ta rufu, kaya ba sa daina tafiya, hanya suke sauyawa, su koma ta cikin gonakin ƙauyuka irin waɗannan biyu. Kun san kuɗin da wannan ke ci: a sauke daga babbar mota, a rarraba wa babura, a biya a kowane shinge, wani buhun ya fashe, wani a kama shi. Kun kuma san yaran da suka rasa rayukansu a kan babur cikin dare saboda ladan buhu biyu. Ƙauyen yana ganin kuɗi na 'yan watanni, sannan a bar shi da baƙin suna a wurin hukuma. Mu da muka yi rajista, muke biyan abin da doka ta ce, mu ne muka fi kowa asara a irin wannan yanayi, don wanda bai biya komai ba ya fi mu arha.

Ga kuma sabon yanayi. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba mu damar zirga-zirga ba biza. An ce a ci gaba da mutunta takardun juna kafin a ga abin da hali zai yi. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na sani shi ne, duk lokacin da manya suka sake zama a kan dokar iyaka, wanda ba shi da takarda shi ne zai fara tsayawa a rana. Canjin takardun naira na ƙarshen 2022 ya nuna mana haka: mutanen ƙauyukan Nijar da ke cin kasuwa da naira, ba su da asusun banki a Nijeriya, su ne suka fi kowa rasa inda za su kai tsofaffin kuɗinsu.

Abin da nake roƙo

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun ƙungiya.

Na ɗaya, kowane reshe ya buɗe littafin ƙauyukan da yake hulɗa da su. Shafi guda ga kowane ƙauye: yana ƙarƙashin wace ƙaramar hukuma ko kwamin, wane hakimi, wace ƙofa ce ta fi kusa da shi, yaushe kasuwarsa take ci, wace irin mota ce ke iya shiga da damina, me yake fitarwa, me yake saye, da naira ake ciniki ko da sefa ko duka biyu. A rubuta adadin da hukuma ta ba shi da shekarar da aka ƙirga, a gefe kuma a rubuta abin da idonmu ya gani: injin niƙa, yanka, shaguna. A sabunta shi sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara.

Na biyu, a rubuta sunan kowane gari da rubutun ɓangarorin biyu. Abin da muke kira Yekuwa, takardun Nijar suna rubuta shi Yékoua. Yardaji a takardun zaɓe Yardaje ce. Kance ita ce Kantché, Sasumburum ita ce Sassoumbroum. Ƙaramin abu ne, amma mota ta sha kwana a shinge saboda sunan da ke takardar kaya bai yi daidai da wanda jami'i ya sani ba.

Na uku, in ƙidaya ta zo, a kowane ɓangare, mu zama na gaba. Kowa a ƙirga shi sau ɗaya, a inda doka ta ce. Kada mu ɓoye kowa, kada kuma mu yarda a kwaso dangi daga ƙetare don a cika lamba, domin adadin ƙarya shi ya jawo aka soke ƙidaya a baya, kowa ya tashi a tutar babu. Masu gari da limamai suna jin maganarmu, mu taimaka musu wajen kwantar wa mutane da hankali. Kafin nan, kowane ɗan ƙungiya ya tabbatar 'ya'yansa da yaran shagonsa suna da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Mai ɗaukar maka kaya ba shi da takarda, ranar da aka tsare shi kayanka aka tsare.

Na huɗu, in littafin ya cika shekara, a haɗa shi wuri ɗaya, shugabanni su ɗauke shi su kai inda ake yanke hukunci: sarakunanmu na Daura da Damagaram, ƙananan hukumomi, shugabannin kwastan da duwan, har hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya da aka kafa tun 1971, mai mazauni a Yamai. Abin da za mu nema a bayyane yake: ƙananan mashigai da hukuma ta sani a tsakanin manyan ƙofofi, inda mai buhu biyu da mai akuya uku za su wuce da rana tsaka, a rubuta su, su biya abin da aka ƙayyade a ba su rasit. Mun sha zuwa ofis da koke a baki, a ba mu ruwa a sallame mu. Wannan karon mu je da suna, da wuri, da adadi.

Yaranmu da ke baya, wannan aiki naku ne, ku ne masu waya da biro. Ku zauna da dattawan nan tun suna raye, ku tambaye su hanyoyi da rijiyoyi da gidajen da ake sauka, ku rubuta. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a Yekuwa da Yardaji da ɗaruruwan 'yan uwansu, mu ne 'yan garin ta kowane ɓangare.

 Allah ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa albarka a nema, ya kai kowa gidansa lafiya, ya maimaita mana.